Nutsewar Yara a Kwalekwale: Wa ke Ɗauke da Alhaki a Dokar Jihar Katsina?

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci alhakin rayukan yaran da ke salwanta a haɗuran kwalekwale, ta fuskar dokar ƙasa da fiƙihun Malikiyya. Ta nuna cewa ɗora wa matuƙi laifi shi kaɗai bai wadatar ba.

Gabatarwa

A watan Mayun 2022, ana cikin shagulgulan ƙaramar Sallah, kwalekwale ya kife a ƙaramar hukumar Mai'aduwa ta Jihar Katsina, kuma yawancin waɗanda suka rasu yara ne. Kafin nan, ranar 30 ga Nuwamban 2021, wani ya kife a madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, ɗauke da ɗaliban Islamiyya da za su je Mauludi. Aƙalla mutum 29 suka rasu. Lodin wuce kima shi ne abin da aka fi zargi a Bagwai.

Tattaunawa

Babba idan ya ga ruwa ya kusa kai bakin jirgi, yana iya fasa shiga. Yaro ɗan shekara takwas da aka ce masa "shiga, matsa ciki" ba shi da wannan zaɓi, don haka ba a kafa masa hujja da yardarsa. Alhakin yana kan manya: matuƙi, mai jirgin, wanda ya rako yaran, da hukumar da ta bar mashiga ba rigunan kariya. Hukumar NIWA, wadda aka kafa a 1997, ita ke da hurumin tsara sufurin ruwa na cikin gida, amma hedikwatarta na Lokoja, kuma ba kowace madatsa idonta ke kai wa ba.

Kotunan Jihar Katsina na da hanyoyi biyu. Kundin laifuka ya hukunta haddasa mutuwa ta hanyar sakaci ko ganganci. Shari'ar Musulunci kuwa ta wajabta diyya a kisan kuskure. Wani zai ce ai Risala ta Ibn Abi Zaid ta ɗauke wa mai jirgi lamuni; sai dai wannan magana ce kan kayan da aka ɗauko, kuma malamai sun gindaya sharaɗin rashin sakaci. Wanda ya loda yara fiye da ƙarfin jirginsa ya fita daga wannan rangwame.

Akwai darasi a ƙetare. A Yulin 2019 wata jaririya ta faɗo daga tagar jirgin yawon shaƙatawa na kamfanin Royal Caribbean a San Juan. Kakanta da ke riƙe da ita ya amsa laifin sakaci, duk da haka iyayenta sun maka kamfanin a kotun Amurka. An raba tambayoyin biyu ke nan: laifin mai riƙon yaro daban, na mai jirgi daban.

A nan kuwa, "ƙaddara ce" kan rufe duka biyun. Imani da ƙaddara bai taɓa soke diyya ba a fiƙihu. Magada na da ikon yafewa, amma sai an fara tabbatar musu da haƙƙin, an kuma bayyana wanda ya hau kansa.