Daga Saƙon Taki zuwa Mai POS: Tarihin Amfani da Manhajoji a Gaya da Ajingi

Ƙasar Gaya, wadda tarihin baka yake danganta ta da maƙeran Abagayawa da suka je Dutsen Dala neman tama, ta daɗe da sanin cewa a hannun mai aiki ake gane nagartar kayan aiki. Irin wannan ma'auni ne masana kwamfuta suka tsara a ƙa'idar ISO 9241-11 ta 1998, wadda take auna sauƙin amfani da manhaja da abubuwa uku, wato biyan buƙatar mutum, da wahalar da ya sha kafin buƙatar ta biya, da gamsuwar da ya samu.

Ko da yake wayar salula ta fara aiki a Nijeriya tun 2001, babban gwajin da ya shafi manoman karkara ya zo ne a 2012, lokacin da ministan noma Akinwumi Adesina ya ɓullo da rabon taki ta waya, inda ake aika wa manomi saƙo ya je cibiya ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. Tsarin ya rage hannun 'yan tsakiya, amma ya ɗauka cewa kowane manomi yana da waya da sabis da karatun boko, alhali a ƙauyuka irin na Ajingi dattawa da yawa ajami suka iya, don haka sai an nemo mai karanta musu saƙon. Matsalar rashin sabis kuwa ta sa a 2014 aka gwada katin da ba ya buƙatar sabis a Jihar Sakkwato da Abuja.

Manhajar eNaira, wadda Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar ranar 25 ga Oktoba, 2021, ta faɗa irin wannan rami, domin da farko sai da babbar waya take aiki, har aka ƙara mata lambar *997# a Kano a 2022 saboda masu ƙaramar waya. Da ƙarancin takardun kuɗi ya tsananta a farkon 2023, jama'a sun fi komawa ga masu POS, wato wakilan banki da aka shimfiɗa wa ƙa'ida tun 2013, domin wakili yana jin Hausa, ya san abokin cinikinsa, kuma ana iya komawa gare shi idan kuɗi suka maƙale. Saboda haka awon manhaja a wannan yanki ba ya cika sai an haɗa da mutumin da yake latsa ta a madadin wani.