Daga akwati zuwa intanet: tarihin kundayen ɗalibai kan ƙasar Adar

1. Gabatarwa

Wannan maƙala za ta bi sawun hanyoyin da binciken da aka gudanar kan ƙasar Adar da kwarin Majiya, wato yankin Kaita, Buza da Madawa, inda Galma Kudawace take, ya bi kafin ya isa hannun masu karatu. Hasashen maƙalar shi ne: a kowane zamani an samu hanyar wallafa aikin manyan manazarta, amma kundin ƙaramin ɗalibi bai samu irin wannan gata ba.

2. Zamanin takarda

A shekarar 1944 aka buɗe reshen cibiyar IFAN a Yamai, wanda daga baya ya zama IRSH, aka kuma haɗe shi da jami'a a 1974. Jerin littattafan wannan cibiya, Études Nigériennes, shi ya fitar da ayyuka biyu da har yau babu mai nazarin Adar da zai tsallake su: na Nicole Échard kan tarihin manoman Adar (lamba 36) da na Djibo Hamani kan Adar kafin zuwan Turawa (lamba 38), dukansu a 1975. Abin lura a nan shi ne, aikin Hamani kundin digiri ne tun asali. Buga shi da aka yi ne ya sa ya yaɗu.

Ƙananan ɗalibai kuwa, bayan kafa Jami'ar Yamai a 1973, kundin metiriz suka riƙa rubutawa a ƙarshen shekara ta huɗu. Akan buga shi da keken rubutu, a yi kwafi kaɗan, a raba wa malaman da za su saurari kariya, saura a ajiye a sashe. Daga nan sai ƙura, gara da ruwan damina.

3. Abin da ke cikin akwati

Ba ƙaramin ilmi ke kwance a irin waɗannan kundaye ba. Aikin dashen itatuwan kare iska da aka fara a kwarin Majiya a 1975, da aikin raya karkara na Kaita da aka soma a 1984 da tallafin Italiya da FAO, sun jawo ɗaliban aikin gona da na labarin ƙasa zuwa yankin. Ɗalibin tarihi ɗan ƙasa kuma yana da abin da baƙo bai da shi: harshe da sanayya. Idan dattijon da ya ba shi labarin kafuwar gari ko na iyakar gonaki ya kwanta dama, kundin nan ne kaɗai ya rage shaida. Ɓatansa ɓatan madogara ce, ba ta takarda kawai ba.

4. Zamanin buɗaɗɗiyar wallafa

Buɗaɗɗiyar wallafa ita ce sanya sakamakon bincike a intanet yadda kowa zai karanta ba tare da biya ba. An fara AJOL a 1998 domin mujallun Afirka; Faransa ta buɗe rumbun HAL a 2001; sanarwar Budapest ta 2002 ta tsara manufar. A Yamai, cibiyar LASDEL da aka kafa a 2001 tana sanya jerin rahotanninta a intanet kyauta. Haka kuma CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968, ta samar da rumbunta, DICAMES.

Sai dai akasarin waɗannan hanyoyi malamai da masu digirin dakta aka yi wa su. Wasu mujallun ma sun ɗauke kuɗi daga kan mai karatu sun ɗora wa marubuci, abin da ya fi ƙarfin ɗalibin lisansi. Akwai kuma masu ganin cewa aikin ɗalibi ɗanye ne, kuma baza shi zai sauƙaƙa satar fasaha. Hujjar farko tana da ƙarfi, amma maganinta tacewa ce daga malaman sashe. Ta biyu kuwa a juye take: kundin da ke ɓoye ne ake kwafewa ba a gane ba.

5. Kammalawa

Bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, gundumomi irin su Galma sun samu majalisun da suka riƙa tsara ayyukan raya ƙasa, kuma suna bukatar bayanai kan ƙasarsu. Tun 2010 kuma Tawa tana da jami'arta, wadda a yau take ɗauke da sunan Djibo Hamani. Saboda haka muna ba da shawarwari uku: kowane sashe ya ɗauki hoton tsofaffin kundayensa kafin su lalace, a sanya waɗanda aka tace a rumbun da ba a biya, da izinin marubutansu, tare da sakaya sunan mai ba da labarin da bai yarda a ambace shi ba, a kuma wajabta taƙaitawa da Hausa a gaban kowane kundi, domin mutanen da aka yi wa tambayoyi su san abin da aka rubuta a kansu.