Yadda masoya suka karɓi fim ɗin Super Mario na 2023

The Super Mario Bros. Movie fim ne na katun da kamfanin Nintendo na Japan da Illumination na Amurka suka shirya daga wasan bidiyon Mario. Ya fito a watan Afrilun 2023. Tun kafin fitowarsa masoya suka yi ta ƙorafi kan bai wa Chris Pratt muryar Mario, kuma ba su manta da fim ɗin 1993 da ya kauce wa wasan ba. Bayan ya fito, masu sharhi da dama sun ce labarin ba shi da zurfi, amma 'yan kallo sun yaba da yadda ya riƙe kamannin wasan da kiɗansa. Ya tara fiye da dala biliyan 1.3 a duniya.