3.4 Tara ga Watan Ab da Matsayin 'Yan Amana a Tuwat da Ƙasar Katsina

A wannan sashe za a dubi yadda hukunci guda ya haifar da sakamako biyu mabambanta. Yahudawa na da wata rana da suke kira Tisha Be'ab, wato tara ga watan Ab, wadda suke azumi suna zaune a ƙasa don tuna rushe ɗakin ibadarsu na Ƙudus, wanda Babilawa suka yi a shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Rumawa kuma a shekara ta 70 Miladiyya. A wannan rana suke tuna korar da aka yi musu daga Andalus a 1492, shekarar da birnin Garnaɗa na Musulmi ya faɗi.

Wajejen wannan lokaci ne rikici ya tashi a Tamantit ta ƙasar Tuwat, cikin Aljeriya ta yau. Shaihu Muhammadu al-Magili ya yi fatawar cewa Yahudawan garin sun warware amana. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, ya saɓa masa, amma duk da haka aka rushe majami'arsu, aka kashe wasu, saura suka watse. Daga nan Shaihun ya biyo ta Kano zamanin Muhammadu Rumfa, ya zo Katsina, sannan ya wuce Gawo wajen Askiya Muhammadu, wanda ya hana Yahudawa shiga ƙasarsa.

A ƙasar Hausa kuwa, wannan hukunci na amana shi ya zama garkuwar Maguzawa. Masana sun nuna cewa sunan ya samo asali ne daga Majusu, waɗanda shari'a ta yarda a karɓi jiziya daga gare su. Saboda haka bayan jihadi ya ci Katsina a 1807, Maguzawan kudanci, har da na ƙasar Ƙanƙara, suka ci gaba da noma da tsafinsu suna biyan jiziya.

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa ran marar rinjaye yana rataye ne a kan fassarar malami da ƙarfin hukuma. Da hukuma ta yi rauni a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, 'yan bindiga ba su tambayi addinin kowa ba, kamar yadda sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba, 2020 ya nuna. Yahudawa sun keɓe ranar tunawa da nasu mamatan, mutanen wannan yanki kuwa a bakin dattawa kaɗai sunayen nasu ke zaune.