Faifan ambiriyaj: abin da tarihin moto ke gaya wa malamai da iyaye

A cikin injin kusan kowane moto da ke kai da komo tsakanin Maraɗi, Tawa da Damagaram akwai wasu faya-fayai huɗu ko biyar, kowanne faɗinsa kamar tafin hannu. Mu nan muna ce musu faifan ambiriyaj, ƴan uwanmu na Katsina da Kano suna cewa kuloc. Ba a ganinsu daga waje, kuma wanka da goge fenti ba su isa gare su. Saboda haka duk wanda ke son sanin irin riƙon da aka yi wa tsohon moto, can ya kamata ya duba. Ina son mu bi tarihin wannan ɗan ƙarfe, don a cikinsa ne za mu gane yadda muka koyi sakaci da abin hawanmu, da dalilin da ya sa sakacin ya fi ƙarfin aljihunmu yanzu.

Aikinsa ba shi da wuyar ganewa. Ana jera faya-fayan ne bi da bi: ɗaya mai fata, ɗaya na ƙarfe zalla, har jerin ya cika. Sifirin suna matse su wuri guda, sai ƙarfin inji ya bi ta cikinsu zuwa giya, wadda muke kira bites, daga nan sarƙa ta kai shi ga tayar baya. In direba ya matsa hannun hagu, waya ta ja, faya-fayan su saki juna, inji ya rabu da taya. Duk suna jiƙe cikin mai, kuma a yawancin motocinmu man inji ne da kansa. Idan fatar ta cinye, sai su riƙa sulɓewa: inji na kuka, esansi na ƙonewa, moto kuwa na rarrafe kamar jakin da aka yi wa lodi.

Iyayenmu ba su san wannan damuwa ba sosai. Abin hawan ma'aikaci a zamaninsu Mobylette ce, wadda kamfanin Motobécane na Faransa ya fara ƙerawa a 1949, sai ƙananan Peugeot da suka biyo baya, irin su 103 da ta fito a 1971. Waɗannan ba su da hannun ambiriyaj, da kansa yake kamawa in inji ya ɗauki gudu, kuma in esansi ya ƙare sai mutum ya taka feda ya isa gida. Haka Super Cub ta Honda, wadda ta fito a Japan a 1958, da Yamaha Mate: ƙafa ke sa bites, hannu bai da aiki. A shekarun 1970, lokacin da kuɗin yuraniyom na Arlit ke shigowa, albashi na fita kan lokaci, malamin lakwal na iya tara kuɗi ya sayi ɗaya sabuwa. Mu da muka yi firamare a shekarun 1980 mun tarar da ragowar wannan zamani. Diraktan lakwal ɗinmu yana ajiye tasa a inuwa ya rufe ta da tsohon bargo, ba ya ba kowa aro. Abin da mutum ya yi shekara biyu yana tara wa kuɗi ba ya wasa da shi.

Injin da ya cika hanyoyinmu a yau kuwa asalinsa wani ne daban. A 1974 kamfanin Honda ya aika injiniyoyinsa biyu su zagaya ƙasashe masu tasowa, irin su Tailan, Indunusiya da Filifin, su ga yadda ake amfani da moto. Sun tarar ana ɗora wa moto ɗaya iyali guda da kayansu, ba a canza mai sai ya yi kauri, matatar iska ta toshe da ƙura, kuma ba a zuwa wurin mai gyara sai injin ya tsaya cak. Da suka koma gida sai suka ƙera inji mai sauƙin gini da zai jure wannan riƙo, suka sa masa matatar soso da ake wankewa a mayar. Shi ne CG125, wanda ya fito a 1975. Ke nan tun daga tushe an gina shi ne da sanin cewa mai shi ba zai kula da shi ba.

Abin da ya kawo irin wannan inji ƙofar talaka tsadar na Japan da na Faransa ce. A 1986 Najeriya ta shiga tsarin tsuke bakin aljihu, naira ta faɗi, matasa da ma'aikatan da aka sallama suka rungumi acaɓa. A ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa: faran ɗaya na Faransa da ke kan sefa 50 ya koma 100, kayan waje suka ninka kuɗi dare ɗaya. Cikin wannan giɓi ne motocin Sin suka shigo, wasu ta Kwatano da Lome, wasu ta Legas da Kano. Jincheng ta zo da samfurin Suzuki AX100, wasu kamfanoni da yawa kuma suka kwaikwayi injin CG125. Sunaye irin su Kasea da Haojue suka zama kalmomin yau da kullum, daga baya Bajaj Boxer ta Indiya ta shigo. Kabu-kabu ya zama sana'a a Ƙonni, Maraɗi da Damagaram. Yawancinsu kuma suna da hannun ambiriyaj, wato abin da a da ke aiki da kansa ya dawo hannun direba.

Ba na raina alherin da wannan ya kawo. Moto ya kai mai naƙuda asibiti, ya kai hatsi kasuwa, ya kai malami ƙauyen da mota ba ta shiga. Amma araha ta koya mana wata ɗabi'a. Tunda injin na jure wa rashin kula, muka ɗauka ba ya buƙatar kula. Tunda kayan gyara na shigowa da sauƙi ta Jibiya da Maigatari, muka daina rigakafi, sai abu ya mutu a canza. Mai kabu-kabu ya mori sabon moto shekara biyu ba hutu, in ya ji ya fara gajiya ya wanke shi ya sayar. Mai saye na biyu da na uku galibi malamin kwantiragi ne da aka tura daji, ko uba da ke neman wa ɗansa abin yi. Injin na iya shanye wulaƙanci shekaru, amma ambiriyaj ba ya shanyewa, domin duk lodin da ya wuce kima, duk tafiya cikin yashi da hannu rabi a matse, duk watan da aka tsallake bidanj, a jikin fatarsa suke sauka.

Na ga wannan a lakwal ɗin wani ƙauye da na koyar, inda hanya duk rairayi ce. Wani abokin aikina da ke riƙe da aji shida ya sayi moto na hannu da bashi, fenti na walƙiya. Bai cika wata ba ya fara isowa bayan ƙarfe tara, yana tura moto a kan tudun yashi. Ranar da muka kai shi wurin bakanike aka kwance murfin dama, man da ya zubo baƙi ne wuluk, yana warin ƙuna. Fatar faya-fayan ta cinye har ƙarfe ya bayyana, na ƙarfen kuma sun yi shuɗi saboda zafi. Ƙarƙashin kowane sifirin an cusa wasar, dabarar da ake yi don ambiriyaj ya kama na ƴan makonni har a samu mai saye. Aka yi kwanaki ana jiran kayan gyara daga birni da kuɗin sayensu. Yara fiye da hamsin masu shirin jarrabawa suka zauna ba malami, mu sauran muna leƙa su tsakanin darasi da darasi. A takardar sufeto, rashin zuwa aiki kawai aka rubuta.

Gyaran kansa ba shi da tsada in an yi shi daidai. Ana canza faya-fayan fata gaba ɗaya, ba ɗaya ko biyu ba, kuma a jiƙa sababbin cikin mai kafin a ɗaura. Na ƙarfe a ɗora kowanne kan gilashi, wanda ya lanƙwashe a jefar. Sifirin da suka gajarta a canza su. A duba haƙoran kwandon da ke riƙe da faya-fayan, in sun yi tsaga ambiriyaj ba zai saki da kyau ba. A zuba sabon mai na moto, domin wani man mota na ɗauke da sinadarin rage gogayya da ke sa faifai sulɓi. Saboda haka ne Japan ta fito da ma'aunin JASO a 1998, kuma galan mai alamar MA ko MA2 shi ya dace. A ƙarshe a daidaita waya ta yadda bakin hannun zai yi wasa santimita 1 zuwa 2 kafin ya fara ja. Wayar da aka ɗaure tamau tana cinye sabon faifai cikin makonni. Masu injin da ke shan mai tare da esansi, irin AX100, su tuna man akwatin bites daban yake, kuma shi ne aka fi mantawa.

Zamanin araha da ya haifi sakacinmu ya fara wucewa. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. A ƙarshen Mayu 2023 ta cire tallafin man fetur, esansin bakin hanya ya tashi. Bayan 26 ga Yuli 2023 aka sake rufe iyaka da takunkumin CEDEAO har cikin 2024. Kowane karo mun ga yadda abin da muke samu a kowace rumfa ya yi wuya ko ya ƙara kuɗi. Ambiriyaj mai sulɓi yana shan esansi ba tare da ya kai ka ko'ina ba, kuma yana iya yaudarar direba daidai lokacin da ya fito zai wuce babbar mota a kan kwalta.

Shawarata ga malamin da zai sayi na hannu, da uban da zai sayo wa ɗansa, ita ce kada a biya kuɗi sai an hau. A sa bites na ƙarshe ana tafiya a hankali, a buɗe wuta gaba ɗaya. In kukan inji ya tashi amma gudu bai ƙaru ba, faifai ya tafi. A zaro ma'aunin mai a duba launinsa a sunsuna. A je da bakaniken da aka yarda da shi, a roƙi mai moto ya bari a buɗe murfin. Wanda ya ƙi, ya san abin da ke ciki. Kuma a ware kuɗin bidanj da sabon faifai cikin kuɗin saye tun farko.

Akwai kuma yaranmu da ake cirewa daga aji a kai gareji koyon gyara. Yaron da bai iya karatu ba ba zai bambanta galan mai MA da na mota ba, ba zai auna kaurin faifai da milimita ba, sai dai ya gaji dabarar cusa wasar. Iyaye su bar shi ya gama firamare, ko ya haɗa lakwal da gareji. Mu malamai kuma, in mun zo darasin awo, mu shigo da tsohon faifai da sabo cikin aji, yara su auna su da kansu su faɗi bambancin.