Byang Kato da Taƙaddamar Tauhidin Kirista a Afirka

A 1975 aka buga littafin Dokta Byang Kato, Theological Pitfalls in Africa, wanda ya ta da muhawara mai zafi tsakanin malaman Kirista na Afirka. An haifi Kato a ƙasar Kwoi ta Jaba a 1936, ya zama babban sakataren ECWA a 1967, sannan ya sami digirin dokta a Dallas ta Amurka. Zarginsa ya faɗa kan manyan malamai biyu: Bolaji Idowu na Jami'ar Ibadan, da John Mbiti na Kenya.

Tushen rigimar tambaya ɗaya ce: shin kakannin da suka mutu kafin zuwan mishan sun san Allah? Idowu, a littafinsa na 1962, ya nuna cewa Olodumare na Yarabawa shi ne Mahalicci ɗaya. Mbiti kuwa ya ɗauki addinin gargajiya a matsayin sharar fage ga bishara. Kato bai musanta cewa Jaba sun san akwai Mahalicci ba, amma a wurinsa sani daban, ceto daban. Yana ganin koyarwar tasu ta buɗe ƙofar gauraya addinai, da aƙidar cewa kowa zai tsira ko da bai gaskata da Almasihu ba.

To, sun kauce wa sahihiyar aƙida ke nan? Idan ma'aunin shi ne shahadar da aka tsayar a taron Nikiya a 325, ba su kauce ba, domin babu wanda ya musanta allahntakar Almasihu a cikinsu. Daɗin daɗawa, saɓanin tsoho ne a ikilisiya. Kilemen na Iskandariya ya ɗauki falsafar Girkawa a matsayin share hanya, Tartuliyan na Kartaj kuwa ya ƙi ta. Irin wannan kwatanci Kwame Bediako na Gana ya yi a littafinsa na 1992. Duk da haka tsoron Kato yana da dalili, domin inda aka cika yabon gargajiya, wuya ne a bayyana abin da bishara ta kawo sabo.

Maganar ta shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka kammala a 1932, da sunan Allah ya yi amfani, sunan da Musulmi da Maguzawa suka riga suka sani. Wato masu fassarar sun yarda cewa mutanen suna da sunan Mahalicci tun kafin zuwansu. Bamagujen ƙasar Kano ko Jigawa da ya shiga Kiristanci ya bar bautar iskoki, amma bai sake sunan Ubangijinsa ba.

Kato ya rasu a teku kusa da Mombasa a Disamba 1975, yana da shekara 39, wato a shekarar da littafin ya fito, bai sami damar amsa masu sukarsa ba.