Tarihin Tankar Yaƙi da Motoci Masu Sulke

Tankar yaƙi mota ce mai sulken ƙarfe wadda take tafiya a kan sarƙa maimakon taya, tana ɗauke da igwa da bindigogi masu sarrafa kansu. Da abubuwa uku ake auna ta: ƙarfin wutarta, kaurin sulkenta, da iya tafiyarta a kowace irin ƙasa. Ukun nan ba sa jituwa cikin sauƙi. In aka ƙara sulke, nauyi ya ƙaru, gudu ya ragu. In aka ƙara girman igwa, tilas a faɗaɗa jikin tankar, ta fi sauƙin hangowa. Tun daga 1916 maƙera ke neman daidaito tsakanin waɗannan uku, yayin da wasu maƙeran ke neman makamin da zai fasa abin da aka ƙera.

Asali

Tunanin shiga fagen fama a cikin abin hawa mai kariya tsoho ne. Leonardo da Vinci ya zana irin wannan keken yaƙi a ƙarni na 15, amma babu injin da zai ja shi. Da injin fetur ya samu, sai aka fara lulluɓe motoci da ƙarfe a farkon ƙarni na 20, kuma a 1914 rundunar ruwan Birtaniya ta yi amfani da motocin Rolls-Royce masu sulke wajen sintiri. Raunin waɗannan motoci shi ne taya: suna da amfani a kan hanya, amma da sun sauka cikin taɓo sai su maƙale.

A ƙarshen 1914 Yaƙin Duniya na Ɗaya ya cije a yammacin Turai. Kowane ɓangare ya haƙa dogayen ramuka tun daga gaɓar tekun Beljiyam har zuwa iyakar Suwizalan, ya shinge gabansu da waya mai ƙaya, ya girke bindigogi a bayanta. Duk rundunar da ta fito fili don kai hari sai a karkashe ta kafin ta kai ga wayar, dawakai kuwa ba su da ta cewa. Ana buƙatar abin da zai tattake waya, ya tsallake rami, harsashi kuma bai huda shi ba. Mafita ta fito daga gona: taraktocin kamfanin Holt na Amurka, masu tafiya a kan sarƙa irin ta katafila, wadda ke baza nauyin mota a kan faɗin ƙasa don kada ta nutse.

Yaƙin Duniya na Ɗaya

A watan Fabrairun 1915 Winston Churchill, wanda a lokacin shi ne ministan rundunar ruwan Birtaniya, ya kafa kwamiti don wannan aiki. Injiniyoyi biyu, William Tritton da Walter Wilson, suka ƙera motar gwaji a garin Lincoln, wadda aka laƙaba wa suna Little Willie, sannan suka fito da wadda sarƙarta ke zagaye dukan jikinta don ta iya haye rami mai faɗi. Ita ce ta zama Mark I. Don ɓoye sirri aka riƙa cewa tankunan ruwa ake ƙerawa, sunan kuma ya bi ta har yau.

An fara shigar da ita yaƙi ranar 15 ga Satumba, 1916, a Flers-Courcelette, cikin gumurzun Somme. Cikin 49 da aka tanada, da yawa sun lalace tun kafin su isa bakin daga. Nauyin Mark I kusan tan 28 ne, mutum takwas ke sarrafa ta, gudunta kuma bai wuce kilomita 6 a awa ba. Injin yana ɗaki ɗaya da mutanen, don haka zafi da hayaƙi da ƙara kan galabaitar da su tun abokan gaba ba su taɓa su ba.

Darajar tanka ta fito a Cambrai ranar 20 ga Nuwamba, 1917, inda Birtaniya ta tura tankoki kusan 380 a lokaci guda a kan busasshiyar ƙasa, suka kutsa kimanin kilomita 8 a yini ɗaya. Sai dai ba a tanadi isasshiyar rundunar da za ta bi baya ta riƙe wurin ba, kuma cikin kwanaki kaɗan Jamusawa suka ƙwato mafi yawansa. A nan aka fara gane cewa tanka tana iya fasa ganuwa, amma ba ta iya riƙe ƙasa ita kaɗai.

Faransa ta bi tata hanyar ƙarƙashin jagorancin Janar Jean Estienne. Renault FT, wadda ta shiga yaƙi a watan Mayun 1918, ƙarama ce mai ɗaukar mutum biyu, amma ita ta kafa fasalin da ake bi har yau: direba a gaba, inji a baya, igwa a cikin hasumiya mai juyawa ta kowace fuska. Jamus ta yi sakaci, domin guda 20 kacal ta ƙera na samfurinta A7V. Karon farko da tanka ta yi arangama da tanka shi ne a Villers-Bretonneux, ranar 24 ga Afrilu, 1918.

Tsakanin yaƙoƙi biyu

Bayan yaƙin, muhawara ta koma kan yadda za a yi amfani da tanka. Mafi yawan manyan hafsoshi sun ɗauke ta a matsayin mai rakiyar sojan ƙasa, tana tafiya daidai da takunsa. Wasu kuwa, irin su J. F. C. Fuller da Basil Liddell Hart a Birtaniya, Mikhail Tukhachevsky a Tarayyar Sobiyet, Charles de Gaulle a Faransa da Heinz Guderian a Jamus, suna ganin ya kamata a tara tankoki wuri guda, su fasa layin abokan gaba, su wuce can baya su katse hanyoyin abinci da sadarwa.

Yarjejeniyar Versailles ta hana Jamus mallakar tanka, amma Jamus ta horar da hafsoshinta a asirce a wata makaranta kusa da Kazan a Tarayyar Sobiyet daga 1929 zuwa 1933. A 1935 ta kafa rundunonin Panzer uku na farko, kowace ta haɗa tankoki da sojan ƙasa a cikin motoci da igwa da injiniyoyi a ƙarƙashin kwamanda ɗaya, da rediyo mai haɗa su. A ɓangaren ƙira kuwa, Ba'amurke J. Walter Christie ya ƙirƙiro tsarin ƙafafu mai ba tanka damar gudu a kan gargada. Sojan ƙasarsa bai rungume shi ba, amma Sobiyet ta saye shi ta gina tankokin BT a kansa.

Yaƙin Duniya na Biyu

A watan Mayun 1940 Faransa da ƙawayenta sun fi Jamus yawan tankoki, wasunsu ma, kamar Char B1, sun fi na Jamus kaurin sulke. Amma an rarraba yawancinsu ga rundunonin ƙasa, da yawa ba su da rediyo, kuma kwamandan tankar Faransa shi kaɗai ne a hasumiya, shi ke ba da umarni, shi ke saiti, sau da yawa shi ke ɗura harsashi. Rundunonin Panzer suka ratsa dajin Ardennes, suka haye kogin Meuse a Sedan ranar 13 ga Mayu, suka isa bakin teku bayan mako guda. Tsari da sadarwa ne suka ci wannan yaƙi.

Da Jamus ta afka wa Tarayyar Sobiyet a 1941 sai ta ci karo da T-34, wadda Mikhail Koshkin da abokan aikinsa suka tsara a Kharkiv. Sulkenta a karkace yake, don haka harsashi kan zame ko ya tarar da kauri fiye da na ainihi. Sarƙarta mai faɗi ce, ba ta nutsewa a taɓo da dusar ƙanƙara. Injinta na dizal ne, igwarta kuma mai faɗin baki milimita 76. Da Jamusawa suka matso, aka kwashe masana'antu zuwa yankin tsaunukan Ural, a Nizhny Tagil da Chelyabinsk, aka ci gaba da ƙira. Kafin ƙarshen yaƙin an fitar da T-34 fiye da 50,000.

Jamus ta mayar da martani da Tiger mai igwa milimita 88 a 1942, da Panther a 1943. Dukansu sun fi takwarorinsu wuta da sulke, amma suna da tsada, suna shan mai, suna yawan lalacewa. Tiger I kusan 1,350 kawai aka ƙera, Panther kuwa kimanin 6,000. Amurka ta zaɓi yawa da sauƙin gyara: M4 Sherman, wadda ta fara yaƙi a El Alamein a Masar a watan Oktoban 1942, an ƙera ta kusan 49,000. Gumurzun Kursk na watan Yulin 1943, inda dubban tankoki suka gwabza, ya nuna cewa Jamus ba ta iya maye gurbin abin da ta rasa kamar yadda abokan gabanta ke yi.

A wannan yaƙin ne dangin motoci masu sulke suka yawaita: masu ɗaukar sojoji masu taya a gaba da sarƙa a baya, igwa mai tafiya da kanta, da tankokin share nakiya da na shimfiɗa gada waɗanda aka yi amfani da su a saukar Normandy a 1944. A nan ne kuma sojan ƙasa ya sami abin ramuwa. Bazuka ta Amurka da Panzerfaust na Jamus suna harba harsashi mai kwarmi a goshi, wanda fashewarsa ke tattara ƙarfi a wuri ɗaya ta huda ƙarfe, har mutum ɗaya da ya laɓe ya iya halaka tanka.

Zamanin Yaƙin Cacar Baka

Bayan 1945 aka daina raba tankoki zuwa matsakaita da masu nauyi, aka koma ga babbar tanka ɗaya mai yin kowane aiki. Centurion ta Birtaniya da T-54 da T-55 na Sobiyet ne suka buɗe wannan babi, kuma dangin T-54 da T-55 sun fi kowace tanka yawa a tarihi, sun bazu a Asiya da Gabas ta Tsakiya da Afirka. T-64 ta zo da na'ura mai ɗura harsashi da kanta, ma'aikata suka ragu zuwa uku, T-72 ma ta gaji wannan tsari. Don kai sojan ƙasa tare da tankoki, Amurka ta fito da M113 a 1960, Sobiyet kuma ta fito da BMP-1 a 1966, wadda ke ɗaukar sojoji tana kuma yaƙi da igwarta.

A yaƙin Oktoban 1973 sojojin Masar ɗauke da makamai masu linzami na Sagger da rokokin RPG-7 sun yi wa tankokin Isra'ila mummunar ɓarna a gabashin mashigin Suez, musamman inda suka kai hari ba tare da rakiyar sojan ƙasa da igwa ba. Amsar maƙera ita ce sabon sulke. Wanda aka ƙirƙiro a Chobham a Ingila ya haɗa ƙarfe da wasu kayayyaki hawa-hawa don karya ƙarfin harsashi, kuma sulke mai hawa-hawa ne ke jikin Leopard 2 ta Jamus ta 1979, M1 Abrams ta Amurka ta 1980 da Challenger ta Birtaniya. Isra'ila ta sa injin Merkava a gaba don ya kare ma'aikata, kuma a Lebanon a 1982 ta yi amfani da tubalan da ake mannawa a jikin tanka, masu fashewa waje idan harsashi ya taɓa su.

A Afirka, inda tazara ke da nisa kuma gyara ke da wuya, mota mai sulke mai taya ta fi tanka amfani a wurare da dama. Sojojin tarayya sun yi amfani da Ferret da Saladin a yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970. A arewacin Chadi a 1987, sojojin ƙasar a cikin motocin Toyota a-kori-kura ɗauke da makaman MILAN sun tarwatsa tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum. Afirka ta Kudu kuwa ta ƙera Casspir, mai ƙasan ciki kamar harafin V wanda ke karkatar da fashewar nakiya zuwa gefe, fasalin da Amurka ta ɗauka a motocinta na Iraƙi da Afganistan.

Daga 1991 zuwa yau

A yaƙin Tekun Fasha na 1991 tankokin Amurka da Birtaniya, masu na'urar hangen zafin jiki da kwamfutar saiti, sun riƙa harbin tankokin Iraƙi da dare da cikin ƙura daga nesa, tun kafin a hango su. A Grozny kuwa, a ƙarshen 1994 da farkon 1995, ayarin motocin Rasha da ya shiga tsakiyar gari ba tare da isasshiyar rakiya ba ya sha wuta daga saman benaye da ƙarƙashin gidaje. Don tare irin wannan hari aka ƙera na'urori masu gano makami da rada su kakkaɓo shi kafin ya iso, kamar Trophy ta Isra'ila, wadda ta fara kakkaɓo makami a fagen fama a 2011.

Barazana mafi sabunta daga sama take. A yaƙin Nagorno-Karabakh na 2020 jiragen Bayraktar TB2 marasa matuƙi sun halaka tankokin Armeniya masu yawa. A yaƙin Rasha da Yukren tun daga 2022, makamai irin su Javelin da ƙananan jirage marasa matuƙi masu araha suna kai hari kan rufin tanka, inda sulke ya fi rauni. Ɓangarorin biyu sun koma girka kejin ƙarfe da raga a saman tankoki, da na'urorin toshe siginar da ake sarrafa jiragen da ita. Duk da asarar, manyan ƙasashe na ci gaba da ƙera tankoki da sabunta su, domin har yanzu babu wani abin hawa da ya haɗa wuta da kariya da tafiya a kan gargada kamar tanka, muddin tana tare da sojan ƙasa, igwa, injiniyoyi da kariyar sama.